Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Haɗejiya Kan Isar da Hasashen Damina ga Manoma

Ta hannun Mai Girma Hakimin Auyo

Assalamu alaikum. Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka manoman gero, dawa da shinkafa na ƙasar Auyo, mun kawo kukanmu gaban uba. Ranka ya daɗe, damina ta daina zuwa yadda iyayenmu suka san ta. Sai a yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, kowa ya fita da sungumi ya yi shuka, gero ya tsiro har ya yi kunne, sai sama ta ɗauke. Tsiron ya ƙone a rami. Wanda ya yi binne kuwa, yayyafi kaɗan ya isa ya ruɓar masa da iri. Mai hali ya sayi wani irin ya sake shuka, marar hali ya ci bashi tun damina ba ta kankama ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ilimin da zai rage wannan asara yana nan. A farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen lokacin saukar damina, tsawonta, da inda ake tsoron ɗaukewar ruwa, har da fassarar Hausa. Hukumar lura da ruwa da koguna ta ƙasa, wato NIHSA, ita ma tana bayyana wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Amma bayanin yana yawo ne a intanet da manyan wayoyi, mu kuwa rediyo da bakin mai unguwa muka sani. Da manomi ya ji damina za ta gajarce, ai da irin geron Sosat zai shuka, tunda yana nuna da wuri.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki, malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Jigawa, su zauna da dagatai da masu unguwanni tun bazara, su fayyace musu hasashen ƙaramar hukumarmu. Daga nan limamai su sanar bayan Juma'a, sankira ya yi shela ranar kasuwa, gidajen rediyo kuma su riƙa maimaita na mako-mako. A kafa ma'aunin ruwan sama a kowace gunduma, a koya wa matasanmu karanta shi, domin mu san ko ƙasa ta jiƙu da gaske kafin mu zuba iri.

Masu noman fadama kuma ba su manta da 2022 ba, shekarar da shinkafa ta nutse tana gab da yanka. Suna roƙon duk lokacin da za a saki ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, labari ya riga ruwan isowa, ko sa kwashe abin da zai kwasu.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Manoman ƙasar Auyo, Jihar Jigawa