Rahoton ayyukan shekara: aikinmu a kan tarihin sansanin Elmina

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa mambobi na nan Kumasi da na sauran zangonni, ga bayanin yadda kwamiti ya tafiyar da amanar da kuka ba shi.

A babban taron bara kun yanke cewa kada mu rarraba ƙarfinmu, mu ɗauki wuri ɗaya mu san shi ciki da bai. Kuka zaɓi sansanin Elmina, tsohon ginin Turawa da ke bakin teku a nan Ghana. A kansa muka yi zaman karatun wata-wata, can muka kai ziyara, kuma shi ne batun ɗan littafin da muke shiryawa da Hausa.

Zaman karatun ya bi waɗanda suka mallaki ginin ɗaya bayan ɗaya. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, ƙarƙashin Diogo de Azambuja, kuma zinariya ce ta kawo su. Abin da ya ba matasanmu mamaki shi ne, a farkon lamarin bayi shigo da su ake yi: 'yan Fotugal kan sayo su daga wajen masarautar Benin su sayar wa fataken Akan a karɓi zinariya. Turawan Holan sun kawo hari a 1625 suka sha kashi. Da suka dawo a 1637 ba su tunkari bango ba, sai suka hau tudun da ke fuskantar ginin, suka girke igwa suka yi ta ruwan wuta har aka miƙa wuya. Don kada wani ya yi musu irin wannan dabara, suka gina ƙaramin sansani a kan tudun, yana nan har gobe. A hannunsu ne cinikin bayi zuwa ƙetaren teku ya bunƙasa, har Holan ta haramta shi a 1814.

A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila wurin. Mutanen garin ba su so ba, Asante ma ba ta yarda ba, domin Holan ta daɗe tana biyan Asantehene, wato sarkin Asante, kuɗin zama a wurin. Aka kori sarkin Elmina, Kobina Gyan, zuwa Saliyo, a watan Yunin 1873 kuma Ingilishi suka ragargaza tsohon garin da igwa. A 1874 suka ƙone Kumasi. A 1896 a wannan ginin aka tsare Asantehene Prempeh na Ɗaya kafin a wuce da shi Saliyo, daga baya tsibiran Seychelles.

Ziyarar ta yi kyau, mota ta cika, har da iyayenmu mata. Mun shiga ɗakunan duhun da ake tara bayi, mun ga siririyar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, mun hau benen gwamna inda iskar teku ke kaɗawa a daidai saman waɗannan ɗakuna. A hanya mun tsaya a Assin Manso, bakin rafin da ake wa bayi wankan ƙarshe, malam ya ja mu addu'a.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne babin da ya shafe mu. Mai yi wa baƙi bayani yana da labarin ƙasashen Turawa uku da zai bayar cikin ɗan lokaci, ba ya kai ga mutanen arewa. Alhali suna ciki. Daga 1831 zuwa 1872 Holan ta ɗebi sojoji kimanin 3,000 ta Elmina zuwa tsibirin Jawa na Indunusiya. A 1837 ta ƙulla yarjejeniya da Asantehene Kwaku Dua na Ɗaya don samun mutane, kuma da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka fanso da sharaɗin shiga soja. Waɗanda suka dawo sun zauna a unguwar da ake kira Tudun Jawa a Elmina. Sannan a yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874 akwai sojojin Hausa a ɓangaren Ingila, irin rundunar da Baturen Ingila John Glover ya fara haɗawa a Legas. Ga kuma Salaga, kasuwar da kakanninmu suka yi fataucin goro, wadda ita ce kuma babbar kasuwar bayi ta wannan yanki.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu dattawa suka ce a tsaya kan goro da malanta, tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido. Matasa suka ce in mun ɓoye, 'ya'yanmu za su ji a bakin wasu, da irin muryar da ba za mu so ba. Kwamiti ya goyi bayan a rubuta duka, kuma ni ma nan na tsaya: an sayar da namu, namu sun yi ciniki, namu sun riƙe wa Bature bindiga. Mun dai karɓi sharaɗin iyayenmu cewa ba za a ambaci gidan kowa ko zuriyar kowa ba.

An kusa gama rubuta littafin, malamai biyu suna dubawa. Saura babin ƙarshe, na zamanin da ginin ya zama makarantar horar da 'yan sanda, da shigarsa jerin kayan tarihi na UNESCO a 1979. An nemi a fitar da shi da ajami saboda tsofaffi. Muna neman mai kyan hannu.

Tafiyar Salaga ba ta yiwu ba, kuɗi suka gaza. Naɗar hirar dattawa kuwa an fara, amma tafiyar hawainiya take yi, kuma bana mun yi rashin wasu daga cikin waɗanda muka yi niyyar zama da su. Allah ya jiƙan su da rahama.

Kuɗin wata da gudummawar 'yan kasuwarmu sun biya mota da kuɗin shiga, ba bashi a kanmu, amma babu na ɗab'i. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar. Abubuwa biyu za a kaɗa wa ƙuri'a: a fara buga littafin ko a fara zuwa Salaga, da kuma sabon kuɗin wata.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa