Ƙanena ya tsira daga Khartum, Baffa ya ce ƙarya yake bai gama karatu ba

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya jama'a. Abin da ya faru ranar Juma'ar da ta wuce ne ya hana ni barci har na ɗauki biro.

Baffanmu, ƙanen mahaifinmu marigayi, ya tara mu a falonsa bayan an sauko daga masallaci. A gaban surukai da yara ya dubi ƙanena ya ce, "Shekara biyar ina tura kuɗi, ka dawo mini da jakar goyo da silifas. Ina shahadar?" Ya kuma ce maganar auren yaron da 'yarsa a ajiye ta gefe tukuna. Yaron bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Tun ranar ko tsakar gida ba ya fitowa.

Bari in koma baya. Harhaɗa magunguna ya karanta a Khartum, kuma ya gama, ya zana jarrabawar ƙarshe kafin azumi, sunansa ya fito a allo. Sai dai a Sudan gama jarrabawa daban, riƙe shahada a hannu daban. Ni ma can na yi karatu, na san matakan. Da farko sai ka zaga da takardar da ake kira khuluwwu ɗaraf, ɗakin karatu ya sa hannu cewa ba ka riƙe littafi ba, masaukin ɗalibai ya sa, ofishin kuɗi ya sa. Daga nan ka nemi shahada da kuma shahadar tafasil, wadda ke ɗauke da makin kowane darasi tun shekarar farko. In sun fito sai tausiƙ, wato hatimin ma'aikatar ilimi mai zurfi, sannan na ma'aikatar harkokin waje. Shahadar da ba ta da waɗannan hatimai, ko ka kawo ta gida, wahala za ta ba ka. Shi ya gama zagayen sa hannu, ya biya kuɗin shahada, aka ce ya dawo bayan Sallah.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, saura kwana shida Sallah, faɗa ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Filin jirgin Khartum ma a ranar ya zama fagen daga. Wane ofishi ne zai buɗe? Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, kuɗin da ke waya ba ya fita sai in an dace da intanet. Motocin kwashe 'yan Najeriya suka fara tashi 26 ga wata, suka yi arewa ta cikin hamada, ta wajen Dongola, zuwa iyakar Masar da ke Argin, tafiyar kusan kilomita 1,000. A hanya ma direbobi sun tsaya tsakiyar rairayi suna cewa ba a biya su ba. Da suka isa iyaka kuma aka hana su shiga, suka yi kwanaki suna kwana a ƙasa kusa da tayar mota, ruwan gora ɗaya mutum uku. Daga baya aka wuce da su Aswan, yana cikin rukunin farko da suka sauka Abuja daren 3 ga Mayu. Leɓensa duk ya tsage, ƙafarsa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, shi ne silifas ɗin da Baffa ke yi wa gori.

To ga inda ta lalace. Babban akwatinsa a masauki ya bar shi, domin an ce kowa ya ɗauki abin da zai ɗora a cinya. Ni na ce masa a waya ya bar komai ya shiga motar farko. Ban yi nadama ba, wa zai ce wa ɗan'uwansa ya tsaya haɗa kaya ana ruwan harsashi? Amma a cikin akwatin akwai rasit ɗin kuɗin makaranta na duk shekarun, da takardar khuluwwu ɗaraf ɗin, da tsohon fasfo. Wannan tsohon fasfon shi ne abin da mutane ba sa ganewa. Fasfonsa na shekara biyar ne, ya ƙare aka yi masa sabo, da sabon ya baro Sudan. Bizar farko, da tambarin ranar da ya bar Najeriya, da iƙamar shekarun baya, wato izinin zama a ƙasar, duk suna cikin tsohon. Masu bautar ƙasa kuwa, wanda ya yi karatu a waje sai ya nuna shafin biza da na fita da na dawowa da shaidar ya zauna a ƙasar, ban da asalin shahada da tafasil da sakamakon WAEC ko NECO. In da Larabci aka rubuta shahadar sai an fassara ta. Kafin nan akwai tantancewar ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja. Shi kuma mai harhaɗa magunguna sai ya bi ta hukumarsu, ya yi horon da ake yi wa waɗanda suka karanta a waje, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Kowace ƙofa makullinta shahada. An buɗe hanyar da waɗanda ba su gama ba za su koma jami'o'in gida ta JAMB, amma shi ya gama, ya koma aji nawa?

Abin da ke hannunmu yanzu katin ɗalibi, da hoton allon sakamako a wayarsa, da wata ifada, wato takardar shaida, da wani malaminsu da ya gudu Alƙahira ya turo ta WhatsApp, mai cewa lallai ya kammala. Na buga ta mai kala na kai wa Baffa. Ya juya ta gaba da baya ya ce ko yaron kafe zai iya haɗa irinta.

Malam, Baffa mutum ne da in ya ba ka allura sai duk unguwa ta ji. Tun rasuwar mahaifinmu yake riƙe da gonarmu ta gado, ba a raba ba, kuma daga cikinta ake biyan kuɗin makarantar nan da yake cewa aljihunsa. Ban taɓa ɗaga maganar ba saboda Umma. Ina kuma zargin akwai wani mai kuɗi da ke zuwa wurin yarinyar tun kafin yaron ya dawo, shahada dai an fake da ita ne. Matar Baffa ce ke zuga shi, wannan kowa ya sani.

Na manta ban faɗa ba, ta hannuna kuɗin ke bi, ni ke canza su zuwa dala in tura. A shekara ta uku na taɓa rantar wani kaso na zuba a shago, kuɗin zangon ya makara da wata biyu, amma na biya har kwabo na ƙarshe, kuma bai hana shi jarrabawa ba. Yaron ya sani, Baffa bai sani ba. Ranar Juma'a da Baffa ya ce a kawo masa rasit ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ƙanena ya ɗago ya kalle ni, ya sake sunkuyawa.

Wani ya ce mana akwai masu karɓar dala su fito da shahada daga Port Sudan, inda ma'aikatu suka koma a 2023. Na ƙi, don in ta jabu ce an kashe yaron da ransa. Shin rantsuwar kotu kan ɓatan tsohon fasfo za ta wadatar in shahadar ta fito? Sannan in tara dattawan gida in tayar da maganar gonar, ko in bari? Umma tana da hawan jini, ba ta san an ajiye maganar auren ba, jiya ma tana lissafin atamfofin lefe. Shi kuwa ya fara cewa zai bi motar kaya ta Chadi ya koma ya ɗauko akwatinsa, na ɓoye sabon fasfon a shagona. Wa zan fara tunkara, Baffa ko Umma, kuma maganar rancen nan dole ne sai na faɗe ta?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka daga Zariya.