A Kare Ɗalibai Daga Hukuncin Kan Titi

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in taɓa maganar da kowa ke kauce wa: halin ɗalibanmu masu sha'awar jinsinsu a jami'o'in Bauchi da Gombe. Suna nan, 'ya'yanmu ne, kuma da fargaba suke kwana.

Dokar tarayya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, shekara 10 ga mai kafa musu ƙungiya. To amma ba ta ba kowa izinin duka ba. Mun tuna ruwan duwatsun da aka yi a wata kotun shari'a a Bauchi cikin Janairun 2014, lokacin da aka gurfanar da wasu da ake zargi da neman jinsinsu. Yau ma zargi kaɗai ya isa a yi wa yaro taron dangi a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a yaudare shi ta waya, a ɗauki bidiyonsa, a riƙa tatsar kuɗinsa. Ina zai kai ƙara?

Roƙona ga hukumomin jami'o'i, ofishin ba da shawara ya riƙe sirri, asibitin makaranta ya duba mara lafiya ba tonon silili. Sashe na 34 na tsarin mulki ya kare mutuncin kowa, don haka mai duka da mai barazanar tona asiri su gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.

Naka,
Wani malamin makaranta, Yelwa, Bauchi