Ba digirin waya muke yi ba, a ba mu ranakun jarrabawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana a madadin ire-irena, ma'aikatan da muke karatun digiri ta intanet bayan an tashi daga aiki. Abin ya daɗe yana cina a rai, satin da ya wuce kuma aka yi mun wata magana da ta sa na ce toh bari dai in rubuto.

A wajen ɗaurin aure ne wani yayanmu, mutum ne da nake ganin girmansa sosai, ya tambaye ni a gaban mutane wai har yanzu ina nan ina wannan digirin wayar? Aka yi dariya. Ban ce komai ba saboda wuri ne na manya, amma wallahi da maganar na kwana.

Ni ma'aikacin sito ne a wani kamfanin sayar da kayan masarufi a nan Kano, Litinin zuwa Asabar, takwas na safe zuwa biyar na yamma, ran da tirela ta makara kuwa sai bayan magariba. Difloma gare ni, ina da mata da yara uku ga mahaifiyata a hannuna, kenan maganar in ajiye aiki in koma aji shekara huɗu ba ta ma taso ba. Shi ya sa na shiga jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ina karanta kimiyyar kwamfuta, yanzu ina aji uku. Kuma ga masu ganin kamar wata makarantar jeka-na-yi-ka ce, ta gwamnatin tarayya ce, tun zamanin Shagari aka kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita da ya dawo mulki, shi kansa ma da ya sauka nan ya koma ɗalibi har ya yi digirin digirgir. Lokacin da ASUU ta yi yajin aikin wata takwas a 2022, ƙanina da ke wata jami'ar yana zaune a gida, mu muna ta semista ɗinmu.

Bari in faɗa wa yayan nawa yadda ranata take. Ina idar da sallar asuba ba na komawa bacci, daga nan zuwa bakwai saura shi ne lokacin da kaina yake ɗaukar lissafi, don haka nan nake sa kwasa-kwasan da suka fi tauri. Da daddare bayan isha'i in yara sun kwanta sai in buɗe laftof in yi ta rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, har sha biyu, wani lokacin ɗaya, ido yana yaji ga gajiyar tsayuwar yini guda a kan lodi. Majalisar da nake zama na daina zuwa, ƙwallon Lahadi na bari, biki da suna sai wanda ya zama dole, har an fara cewa na yi girman kai. Maiɗakina ita ta fi kowa shan wahalar abin nan, Allah ya saka mata, ita ke janye yaran in ta ga na duƙufa.

Kuma maganar waya, eh, a waya nake karanta littattafan kwas a cikin adaidaita sahu in an shiga cunkoso, a waya kuma nake amsa wasu TMA, ayyukan nan da suke ɗaukar maki 30 cikin 100. Sauran 70 ɗin fa? Na jarrabawa ne, sai ka je cibiyar karatu ta jami'ar da ƙafarka ka zauna an sa maka ido, tun daga aji uku ma da biro da takarda ake rubutawa. Sannan ita kimiyyar kwamfuta ba a haddace ta, wannan duk mai shirin shiga ya sani tun yanzu. Za ka iya karanta yadda ake jera bayanai daga ƙarami zuwa babba sau goma ka ga kamar ka gane, ranar da ka zauna ka rubuta shi da yaren kwamfuta na Python ya ƙi tafiya saboda ka manta alama ɗaya tak, ka yi awa biyu kana nemanta, ranar ka fara koyo. Ni sai da na shiga adashi wata shida kafin na sayi laftof ɗan Beljiyam a titin Beirut, kafin nan semista guda na yi ina rubuta kod a takarda ina zuwa gidan abokina ran Lahadi ina gwadawa. Lissafi ma yana nan da yawa, wanda ya gudo daga lissafi ya zo nan zai same shi yana jiransa.

Wuta da data kuwa kowa ya san halin da ake ciki. A watan Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, ni a shagon mai cajin waya nake barin laftof da safe in karɓa da yamma, batirin awa biyu yake yi, awa biyun nan su ne karatuna na ranar. Farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, albashi yana nan inda yake. Yanzu sai tsakar dare nake sauke bidiyon darasi da datar dare mai araha.

Duk wannan na ɗauka, ni na sa kaina. Abin da ya sa na rubuto shi ne ranakun jarrabawa. Semistar da ta wuce kwas bakwai na yi rajista, jarrabawar ta watsu cikin sati uku, wata da safe wata da rana. Na kai wa oga jadawalin tun da wuri, na ce ranka ya daɗe ranakun nan nake roƙo, zan rama da Lahadi ko in tsaya dare, ya ce shi bai ɗauke ni aiki don in yi karatu ba. Kwana huɗu aka yanke mun a albashi, kwas ɗaya kuma ban samu zuwa ba sam saboda ranar kaya suka iso, sai na sake biya na maimaita shi. Abin da ya fi mun ciwo, ɗan shirin kwamfuta da na rubuta da abin da na koya a karatun nan shi muke amfani da shi yanzu a siton wajen gwada kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, aikin da a da mutum biyu suke kwana biyu a kansa duk ƙarshen wata yanzu kafin azahar an gama. An karɓi amfanin karatun hannu biyu, mai karatun ne ba a san da shi ba.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan kwana shida ta ce mafi ƙarancin hutun shekara ga wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki, kuma da yawa cikinmu a kamfanoni da shaguna ko shidan ba ma gani. Ma'aikacin gwamnati yana da tsarin hutun ƙaro karatu, mu ba mu da komai sai halin oga. A cibiyarmu ina haɗuwa da malaman firamare na makarantun kuɗi, da nas, da masu POS, da direbobi, kowa da irin dabarar da ya yi ya fito, wani ƙaryar rashin lafiya ya yi, kuma ba ya so, dole ce ta sa shi.

Roƙona ga masu kamfanoni da 'yan kasuwarmu na Singa da Kwari da Dawanau, yaron da ya kawo muku jadawalin jarrabawa mai hatimin makaranta ku sake shi ya je, ku rubuta yadda zai rama, ai ba gudu zai yi ba. 'Yan majalisarmu na jiha da ƙungiyar ƙwadago kuma su duba yadda za a sa hutun jarrabawa a doka ko da kwana goma ne a shekara. Gwamnati tana ta maganar horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha a shirin 3MTT, madalla, toh ga wasu nan sun riga sun fara da kuɗin aljihunsu, ranaku kawai suke nema.

Jadawalin wannan semistar ya kusa fitowa, kwas shida ne da wanda nake maimaitawa, zan sake kai wa oga takardar.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wani ma'aikacin sito kuma ɗalibi,
Hotoro, Kano.