Amsa ga Malam: Wane Ne Ke da Ikon Tsayar da Na'ura?

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

A ranar da na gabatar da babi na uku na kundin digirina na digirgir, ka miƙe a bainar jama'a ka yi mini tambayar da ƙurewar lokaci ta hana ni ba ta haƙƙinta. Ka ce kamfanoni suna sayen na'urori ne domin su rage ma'aikata, saboda haka mene ne amfanin ɓata shekaru ana binciken yadda za a riƙe ma'aikaci a tsakiyar harkar kai kaya daga masana'anta zuwa hannun mai saye, alhali hanyar fitar da shi ake nema. Ka rufe da cewa, "Anya ba ado kake yi wa takardar sallama ba?" Tun da a fili ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito fili.

Rabin maganarka ba ni da ja a kansa. A watan Afrilu na 1956 jirgin ruwan Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston a Amurka ɗauke da kwantena 58, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aikin 'yan dako a manyan tashoshin jiragen ruwa ya ragu ƙwarai. A 2012 kamfanin Amazon ya sayi Kiva, mai ƙera na'urorin da ke kawo wa ma'aikaci kantar jera kaya har inda yake tsaye, a kan dala miliyan 775, kuma ba wanda zai ce don tausayin ƙafafun ma'aikata kaɗai aka kashe wannan kuɗi. Ita kanta kalmar "sanya ɗan Adam a tsakiya" ta yi araha: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa ta a sanarwar cikarta shekara ɗari a 2019, Hukumar Tarayyar Turai ta mai da ita ginshiƙin abin da ta kira zangon masana'antu na biyar a 2021, kuma yau kowane kamfani yana iya buga ta a bangon rahotonsa ba tare da ya canza komai a sito ba.

Shi ya sa ban auna kalmar ba. Abin da nake aunawa ƙarami ne, amma ana iya ganinsa da ido: idan manhaja ta ba ma'aikaci umarni, shi kuwa ya ga umarnin kuskure ne, yana da hanyar cewa a'a? Idan ya ce a'a, me ke biyo baya?

A wani babban rumbun ajiyar kaya da na yi makonni ina zuwa, wanda alƙawarin sirri ya hana ni ambaton sunansa, na tsaya kusa da wata mata da ta daɗe tana aikin jera kaya. Na'urar karanta lamba tana ɗaure a hannunta, allonta yana nuna mata layi da kantar da za ta nufa, yana kuma ƙirga daƙiƙoƙi. Aka umarce ta ta ɗora wani kwali a kan kanta ta sama. Tana ɗaga shi ta ji gindinsa ya yi laushi, alamar wani abu ya tsiyaye a ciki. Ta sauke shi, ta kai shi gefe, ta tafi neman mai kula da sashen. A allon na'urar akwai wurin danna "an ajiye" da wurin danna "babu kaya", amma babu wurin da za ta ce kwalin zai fashe a kan wanda ke ƙasa. Mintocin da ta kashe tana kare kayan kamfani da kan abokin aikinta, manhaja ta rubuta su a matsayin zaman banza. Ta ce da ni sabbin ɗauka ba sa yin haka, ɗorawa suke yi su wuce, kuma ba ta ga laifinsu ba, domin a ƙarshen mako lamba ake dubawa.

Kada Malam ya ɗauka labarin gida ɗaya ne. A farkon 2024 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa ta sanar da cin tarar reshen Amazon mai kula da rumbunan kaya a ƙasar yuro miliyan 32, saboda sa ido da ya wuce kima ta hanyar irin waɗannan na'urori, har da ƙirga duk lokacin da na'ura ta yi minti 10 ba ta motsa ba, da duk lokacin da aka karanta kaya cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da kwata bayan na baya.

Za ka iya cewa wannan batun adalci ne, kamfani kuwa riba ya sani. A nan ne muka rabu, domin ina ganin ko ta fuskar riba hujjar tana tsaye. A 1951 Eric Trist da Ken Bamforth na Cibiyar Tavistock da ke Landan sun wallafa bincikensu kan ramukan haƙar kwal a Ingila bayan an shigo da sabbin injuna. An wargaza ƙananan rukunonin da ke tsara aikinsu da kansu, an raba aikin gunduwa-gunduwa tsakanin masu canjin aiki, sai amfanin da aka sa rai bai samu yadda ake tsammani ba, fashin zuwa aiki kuma ya yawaita. Injin bai da aibi. Tsarin mutanen da ke kewaye da shi ne aka rushe ba a lura ba. Sai a 1983 Lisanne Bainbridge ta nuna wani abin da ya fi wannan ɗaure kai, wato mai tsara na'ura yana ɗauke wa mutum ayyukan da ke da sauƙin sarrafawa, ya bar masa masu wuya, sannan ya hana shi atisayen yau da kullum da ke kaifafa gwaninta, ta yadda ranar da na'ura ta gaza, ranar da aka fi bukatar gwanintarsa, sai a tarar ta dushe.

Wannan rana ta zo wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk a watan Yuni na 2017, lokacin da cutar kwamfuta ta NotPetya ta durƙusar da tsarinsa a faɗin duniya. Sai da aka sake girka kwamfutoci kusan 45,000 cikin kimanin kwana goma, hasarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. A tsakanin nan, da takarda da biro da wayoyin hannu ma'aikata suka ci gaba da tafiyar da kaya, domin akwai waɗanda suka san aikin a ka. Abin da ke hana ni barci shi ne, bayan shekara ashirin na bin umarnin allo kawai, su wa za su rage da wannan sani?

Ba kuma mafarki nake yi ba idan na ce ana iya tsarawa daban. Kamfanin Toyota ya daɗe da rataya igiya a layin haɗa motoci wadda ƙaramin ma'aikaci zai ja idan ya ga matsala, a zo a duba, in ta kama a tsayar da layin. Jihar Kaliforniya, tun daga 2022, ta wajabta wa manyan rumbunan kaya su ba ma'aikaci adadin aikin da ake bukata daga gare shi a rubuce, kuma kada adadin ya hana shi hutu ko zagayawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan masu aiki ta manhajojin waya ta ce mutum ne zai yanke shawarar korar ma'aikaci, ba lissafin kwamfuta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma aikina shi ne in gano a wane irin tsari ake sauraronsa kafin rufin ya faɗo. Na ce rufi ne ina sane: a Rana Plaza ta Bangaladash a 2013 an ga tsagewar bango kwana ɗaya kafin ginin ya rufta, aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki, mutane fiye da 1,100 suka rasu.

Amma akwai inda tambayarka ta same ni, kuma ba zan ɓoye ba. Duk waɗanda na yi hira da su suna nan bakin aiki. Waɗanda aka sallama ba sa cikin kundina, haka direbobin da ake ɗauka ta hannun 'yan kwangila, waɗanda sunansu ba ya ma cikin rajistar kamfanin da suke ɗaukar wa kaya. Na kai wannan ga malamar da ke duba aikina, ta amince in ƙara rukunin hirarraki da su kafin in rufe babi na huɗu, ko da hakan zai ja mini wasu watanni.

Tun da ka yi shekaru a harkar ƙungiyar ƙwadago, ka fi ni sanin inda irin waɗannan mutane suke da yadda ake samun amincewarsu. Ina roƙon ka duba jerin tambayoyin da na tsara musu kafin in fara, ka soke duk wadda ka ga ɗan makaranta ne kawai zai yi ta. Zan kawo maka shi da kaina a duk ranar da ka sa mini.

Ɗalibinka mai girmama ka.