Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiyar da ta tambaye ni kan bitamin D da sankarar fata

Assalamu alaikum Hajiya. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara baki ɗaya.

Ke ce kika kira a ƙarshen shirin lafiya na rediyo da aka gayyace ni ranar 4 ga Fabrairu, ranar tunawa da ciwon daji ta duniya. Kin ce an gwada jininki an ga bitamin D ɗinki ya yi ƙasa, 14 aka rubuta a takardar, kuma wata 'yar'uwarki ta tsorata ki da cewa ƙarancinsa na jawo sankarar fata da ake kira melanoma. Kika tambaye ni a gaban masu sauraro: ki sayi manyan ƙwayoyi ki dinga sha ne, ko ki riƙa zama cikin rana? Lokaci ya ƙure mana, amsar da na ba ki ta tsaya rabi, abin kuma bai bar raina ba. Ga cikonta.

Ƙarancin da aka gani a jininki gaskiya ne, kuma ya kamata a magance shi. Amma saboda ƙashinki da tsokarki za a magance shi. Hujjar da ke hannun likitoci ba ta nuna cewa ɗaga bitamin D a jini na kare mutum daga melanoma ba.

Melanoma tana tashi ne daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. A shekarar 2020 an ƙiyasta mutum kusan 325,000 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin 57,000 suka rasu, kuma ta fi yawa a tsakanin fararen fata na Ostireliya da New Zealand, inda rana ke ƙone fatar da ba ta da kariya. Shi kuwa bitamin D, yawancinsa fatarmu ce ke haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta, hanta ta sarrafa shi, sannan ƙoda ta ƙarasa. Kin ga ke nan rana ɗaya ce ke ba Bature bitamin D, ita ce kuma ke lalata masa fata. Daga nan duk ruɗanin ya samo asali.

Maganar 'yar'uwarki tana da tushe. A 2009, Farfesa Julia Newton-Bishop da abokan aikinta a Leeds ta Ingila sun bibiyi masu melanoma 872, suka ga waɗanda bitamin D ɗinsu ke da yawa lokacin da aka gano cutar, sankararsu ba ta yi kauri sosai ba, kuma sun fi daɗewa a raye. Daga baya wani bincike a Kuopio ta Finland, kan mutum 498, ya ga masu shan ƙwayar a kai a kai ba su cika samun cutar ba. Sai dai a 2013 masu bincike a Kwapanhagan ta Denmark, da suka bibiyi mutum sama da 10,000 na tsawon shekaru har 28, sun ga akasin haka: masu yawan bitamin D a jini su suka fi kamuwa da sankarar fata, har da melanoma.

Waɗannan sakamako ba su ƙaryata juna ba. Hayaƙi da toka duk wuta ce ta haife su, ba ɗaya ne ya kawo ɗaya ba. Ɗan Denmark da ya saba kwanciya a bakin teku, jininsa zai cika da bitamin D, fatarsa kuma ta sha ƙuna. Lambar da ke takardarsa shaida ce kawai ta yawan ranar da ya sha. Haka nan mai shan ƙwaya kullum a Finland, galibi mutum ne mai kula da kansa, mai rufe jiki, mai zuwa asibiti da wuri. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa kuwa yana ɗaki, ba ya fita, dole bitamin ɗinsa ya sauka.

Shi ya sa aka gwada abin kai tsaye. Masana a Brisbane ta Ostireliya sun duba mutanen da gadon halitta ya sa bitamin D ɗinsu ke sama ko ƙasa tun haihuwa, ba ruwansa da yawan fitarsu rana, kuma a rahotonsu na 2020 ba su ga wannan bambanci ya sauya haɗarin melanoma ba. A Beljiyam an raba masu melanoma 436 gida biyu bayan an yi musu tiyata, rabi ana ba su awo 100,000 na bitamin D duk wata, rabi ana ba su abin da babu magani a ciki. Bitamin ya hau a jinin rukunin farko, amma dawowar cutar ba ta ragu ba. A Amurka ma an ba mutane awo 2,000 kullum a gwajin da ya ƙunshi kusan mutum 26,000, bai rage yawan kamuwa da ciwon daji ba.

Don haka, Hajiya, ki koma wurin likitan da ya sa ki gwajin. A ma'aunin da yawancin ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi, ƙasa da 20 ƙaranci ne, zai rubuta miki adadin da ya dace na 'yan makonni sannan a sake dubawa. Don Allah kada ki je kemis ki sayi manyan ƙwayoyi da kanki. Bitamin D na taruwa a kitsen jiki, idan ya wuce kima sai kalsiyam ya hau a jini, ya kawo amai, yawan fitsari da tsakuwar ƙoda. Ki ƙara da kifi mai kitse irin su sadin da titus, da gwaiduwar ƙwai. Idan aikinki ko zaman gida na hana ki ganin rana, ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, ba zai cutar da baƙar fata ba. Wannan shawara ba ta shafi 'yan'uwanmu zabaya ba. Su rana abokiyar gaba ce, hula da doguwar riga da man kariya wajibi ne a kansu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ban samu na faɗa a rediyo ba. Mu baƙaƙen fata, melanoma ba ta cika kama mu ba, amma idan ta zo, takan ɓullo inda rana ba ta kaiwa: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin Jamaika Bob Marley a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa tasa ta fara, ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36. A wurin aikina na sha ganin dattijo, manomi ko ɗan kasuwa, da baƙin tabo a diddige da aka ɗauka kaushi ne ko ƙaya ce ta soke shi. An kai wa wanzami ya yanka, an ɗaura ganye, shekara ta zagayo, sai ya iso mana da gyambo da kumburi a matsematsi. A lokacin wuƙar likita ta makara. Da ya zo tabon na ƙarami, sau da yawa yanke shi kaɗai ya isa. Babu ɗaya daga cikinsu da gwajin bitamin D zai ceta.

Roƙona gare ki shi ne, duk wata ki wanke ƙafa ki duba tafinta a wuri mai haske, da madubi idan ya kama, har tsakanin yatsu. Ki duba ta Baba da ta Inna, domin su ba sa iya sunkuyawa su gani. Idan kin ga tawadar Allah da ke girma ko sauya launi, ko tabo mai karkataccen gefe, ko baƙin layi a farce da ke faɗaɗa har ya hau fatar gefensa, ko ciwon da ya shafe wata guda bai warke ba, kada a bari kowa ya sa masa aska. A kai shi asibitin da ke da likitan fata, a nemi a ɗebi naman wurin a gwada.

Allah ya ƙara miki lafiya. Ki gaida mutanen gida.

Naki,
Likitan fatar da kika kira a shirin