Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare, Jos

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Aikin bana ya samo asali ne daga tambayar da wata Hajiya cikinmu ta jefo a taron farkon shekara: duk takardun binciken da muke rubutawa don neman ƙarin girma, wacce ce ta taɓa rage wa mai ɗaukar hoton littafi wahala? Ɗakin ya yi tsit. Daga nan kwamiti ya yanke cewa za mu gwada abin da muke karantawa da hannunmu.

Mun ɗauki hoton wasu tsofaffin littattafan Hausa na boko, muka bai wa manhajar da ke ciro rubutu daga hoto. Masu bincike sun yabe ta ƙwarai, amma galibinsu da Turanci suka gwada ta. Da ta ci karo da haruffanmu masu lanƙwasa sai ta rikice: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ kuwa wani lokaci 6 take fitowa. Mai neman "ƙafa" sai a kawo masa "kafa". Abin dariya ne har sai ɗalibi ya tafi da zaton littafin babu shi. Yanzu mun amince a riƙa shigar da kalmomin nema iri biyu, da lanƙwasa da kuma babu. Ajami kam har yau sai an zauna an kwafe da hannu, kuma ziyarar da muka kai Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ta nuna mana girman wannan aiki.

Mun kuma yi bita kan DSpace, manhajar da aka fitar a 2002, wadda Jami'ar Jos ke adana bincikenta a kai. Rabin lokacin ya tafi wajen jiran wuta.

Gobarar laburaren jami'ar a harabarta ta Naraguta, a Oktoban 2016, ba ta fita ranmu ba. Saboda haka duk abin da aka ɗauki hotonsa bana an ajiye shi wuri biyu, ɗaya a wajen gari.

Kurakuran manhajar ciro rubutu da muka tattara za mu miƙa su ga membobinmu da ke karatun digiri na biyu, ko wani zai gina bincikensa a kai. Waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiya ba, don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakatare